Naman Gada a Kwarin Rabau

Godiya ta tabbata ga Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya kafa duwatsu, ya yi mai kofato, ya yi mai farce, ya kuma ajiye wa kowane baki abin da zai tauna. Bayan haka, ni ne Tunau, mutumin Gangaren Sarmai, garin da ke bayan Tafkin Gishiri, inda rana ke faɗuwa a kan jan dutse. Na yi yawo a ƙuruciyata, na ga abin da ido ke so da abin da ba ya so, amma babu tafiyar da ta zauna mini a ƙirji kamar wadda na yi da kawuna zuwa Kwarin Rabau.

Zakoki ne suka fitar da mu daga gida. Tun zamanin kakanni muna jin rurinsu daga nesa, su a dawa, mu a gari. Sai aka wayi gari sun fara shiga garke, daga garke suka koma kan makiyaya, har wata rana da hantsi zakanya ta ɗauke yayana Shekarau a tsakiyar gonarsa, fartanyarsa na kafe a kunya. Abin da muka samu muka binne bai cika mayafi ba. Maharban garinmu, waɗanda duk ƙasar ta san su da kashe ɓauna, suka yi ta fita suna komowa, kowace komowa da giɓin mutum.

Ana cikin haka wani falke ya kwana a garin, ya ba da labarin wani kwari can gabas, inda zaki da damisa da rabbi ke zaune wuri ɗaya da mutane, ba ganuwa ba shinge, kuma ba a taɓa cin kowa ba. Jama'a suka ce zuƙi ta malle ce irin ta matafiya. Ni kuwa na ce in dai akwai asirin da ke ɗaure bakin zaki, sai na je na ɗauko shi. Ina ɗaura kaya sai ga Kawu Cindo, wan mahaifiyata, da kwarinsa da bakansa. Tsohon maharbi ne, mai yawan surutu, mai son nama, wanda ke alfahari da cewa tun da ya yi haƙori bai taɓa cin tuwo ba ƙashi a miya ba. Ya ce ɗan ƙanwarsa ba zai shiga dawa shi kaɗai ba yana numfashi.

Muka keta Tafkin Gishiri a kan busasshen ɓawonsa, muna hango kifaye a ƙarƙashin ƙafafunmu, sandararru, bakinsu a buɗe. Muka wuce dajin da itatuwansa ba su da inuwa. Daga nan muka sauka a wani gari inda kowa, babba da yaro, ya ɗaura sassaƙaƙƙiyar fuska a ƙeyarsa, domin damisar ƙasarsu ba ta kama wanda ke kallon ta. In ka hango mutum a hanya ba ka sanin tahowa yake ko tafiya. Kawu ya ce ya daɗe yana jin ana cewa wane mai fuska biyu ne, yau ga shi Allah ya kawo shi garinsu. Ba wanda ya yi dariya. Wani dattijo ya nuna mana hanyar kwarin, yana magana ya ba mu baya, fuskar icen ce ke kallon mu. Ya ce mu cika burgaminmu da gari, in mun shiga kada mu tauna komai sai abin da aka miƙo mana.

Ƙofar Kwarin Rabau tsaga ce a jikin tsauni, matsattsiya, sai mutum ya karkace yake shiga, kafaɗa ɗaya gaba ɗaya baya. Da muka fita ta ɗaya gefen sai ga ƙasa shimfiɗe: fako mai faɗi a gabanmu, kurmi a gangaren duwatsu, can ƙasa kuma kogi da doguwar gamba. Muka yi yini da kwana muna tafiya kafin muka isa ƙauyen da ke tsakiya.

Abin da ya fara tayar mini da tsigar jiki shi ne shiru. Ba carar zakara, ba haushin kare, ba kukan akuya. Ɗakunan ba su da ƙyaure. Mutanen suna magana ƙasa-ƙasa kamar a gidan mara lafiya. A bakin mashaya na ga mace tana cika tulu, zakanya na lasar ruwa dab da gwiwarta, ba wadda ta dubi wata. Kawu ya kai hannu ga kwarinsa, na riƙe shi.

Aka sauke mu a gidan wata tsohuwa mai suna Iya Gwamma, doguwa, busasshiya, wadda ba ta rabuwa da siririyar sanda. Na gaya mata abin da ya kawo mu, na roƙe ta asirin. Ta ce ita ba ta san wani asiri ba, amma in ina so in bi ta wurin aikinta da safe.

Aikinta kuwa duban kashi ne. Kullum da sassafe sai ta zaga kwarin tana neman inda masu farce suka yi bayan gida, ta tsuguna ta farfasa da sandarta. Ta nuna mini na zaki, cike da baƙin gashin ɓauna mai kauri da ɓarɓashin manyan ƙasusuwa, wani lokaci da na gwanki. Ta nuna mini na damisa a gindin kanya, da jan gashin gada, da farcen biri, da ƙayar beguwa. Na rabbi kuwa, wannan siririn mai dogayen ƙafafu da baƙin zane kamar hawaye a fuska, ba komai a cikinsa sai laushin gashin barewa da na zomo, don shi a gaggauce yake ci. Zaki na kamu da asuba a cikin gamba, rabbi da rana tsaka a fako, damisa kuwa sai inuwa ta fi mai ita tsawo, ta ja abinta ta haye bishiya. Kawu da ya ga gada rataye a reshe ya ce an ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama, ga rabon damisa kullum a sama.

In Iya Gwamma ta gama zagayen sai ta tsaya a gindin tsamiyar dandali ta ce, "Kowa ya ci nasa." Mutane su amsa da madalla, kowa ya kama harkarsa. Su abincinsu dawa da wake da kifi da zuma. Ta ce mini mutum a kwarin nan ba rabon kowa ba ne, matuƙar bai ci rabon kowa ba.

Wata rana muna tsaye a kan tudu muka hango garken ɓauna ya rufe bakin kogi, baƙi ƙirin kamar hadari ya sauko ƙasa. Na tambayi Kawu yaushe rabon da ya ga irin wannan a fadamar Sarmai. Ya sosa ƙeya, don kibansu ne, shi da maharban garinmu, suka ƙarar da ɓaunar can. Ranar bai yi surutu ba har muka koma gida.

Wani abin kuma da na gani, wanda ban san zai yi mini amfani ba: wata safiya damisa ta makara da sauran abin da ta kama a ƙasa, zakanya ta biyo ta wurin. Ko gurnani damisar ba ta yi ba, ta bar naman ta haye sama. Zakanyar ta shinshina ta wuce. Iya Gwamma ta ce haka yake, ƙaramin farce ba ya jayayya da babba.

Da kwanaki suka yi nisa sai Kawu ya fara ramewa. Ya ce wake ya ishe shi, kifi kuwa ruwa ne aka yi wa ƙaya. Na yi ta ba shi haƙuri, na ce mun ga abin da muka zo gani, jibi mu kama hanya. Washegari na tafi zagaye da tsohuwar, na bar shi yana gyaran takalmi. Da na dawo na tarar da shi yana murmushi, leɓensa na maiƙo. Ya raɗa mini cewa 'yar ƙaramar gada ce, ya ɗana mata tarko a bakin kurmi, ya yanka ta da bisimilla, ya gasa a cikin kogo, ya binne toka da ƙashi. A kwarin da gada ta fi tsakuwa yawa, wa zai lura da guda?

Da gari ya waye Iya Gwamma ta fita ita kaɗai, ta daɗe. Da ta dawo ta tsaya a gindin tsamiya, jama'a suka taru. Suka jira ta ce kowa ya ci nasa, ba ta faɗa ba. Ɗaya bayan ɗaya suka sunkuyar da kai suka watse. Na ɗaga ido sai na ga damisa kwance a kan reshen tsamiyar, da rana kata, jelarta na reto, idonta a kan ƙofar ɗakinmu.

Na koma na tarar da Kawu a rakuɓe a lungu. Ganye ya faɗo a tsakar gida, ya zabura har ya bugi bango. Na kira shi, ya dube ni da manyan idanu masu ruwa, a ƙarƙashin kowane ido wata baƙar tsaga ta buɗe tana naso, irin wadda na sha gani a fuskar gada. Aka kawo abinci akushi ɗaya, cokali ɗaya. Maƙwabta suka shigo suka gaishe ni, suka wuce shi kamar turmi. Da ya lallaɓa ya fita ya fara tsinkar ganyen wake a bayan gida, wata mata ta tafa hannu ta kore shi yadda ake korar dabba daga shuka, ba fushi a fuskarta ko kaɗan.

Na durƙusa gaban Iya Gwamma na ce ta yi wa Allah ta taimake mu, baƙo ne, tsoho ne, bai sani ba.

Ta ce, "Ɗana, mu ba ma kashe kowa, ba ma kuma miƙa kowa. Wanda ya ci rabon mai farce ya shiga gurbin abin da ya ci. In inuwa ta yi tsawo damisar za ta sauko."

Na tambaye ta ko an taɓa yin haka. Ta nuna kurmi da sandarta ta ce a cikin gadan da ke can akwai waɗanda iyayensu suka raɗa wa suna, akan samu wanda ya tsere wa yammacin farko ya saje da sauran. Ta ƙara da cewa ita ba ta sani ba ko wadda kawuna ya ci tana da suna.

Gudu ba zai yi ba, tsagar dutsen na da nisan yini da kwana, damisar kuwa ga ta a kanmu. Na zauna na dafe kai. Daga can bakin kogi na hango ungulaye suna kewaya a sama, alamar zakoki sun kayar da ɓauna da asubar nan. Sai wata dabara ta faɗo mini. Na ɗaure Kawu da igiya a ƙugu, na miƙa wa tsohuwar bakin igiyar. Ta dube ta, ta dube ni, ta ce riƙon igiya dai ba laifi ba ne. Ta karɓa.

Na naɗe bakina da hancina da rawani don kada ko ɗigon jini ya taɓa leɓena, na zare barho, na shiga gamba. Rana na tsaka. Na sami zakokin a inuwar wani gawo, zube kamar an shanya fatu, cikkunansu sun kumbura, ƙudaje na bin gemunsu. Gawar ɓaunar na tsakiyarsu. Ba hanyar isa gare ta sai ta tsakanin ƙafafunsu. Na taka a hankali, na tsallake jelar wata, numfashin wata na dukan ƙaurina da zafi. Na san ni ba rabonsu ba ne, muddin ban kai naman baki ba. Na tsuguna na yanki tsoka a cinyar ɓaunar. Ina yankan sai babban namijin ya buɗe ido ɗaya, rawaya kamar man shanu. Ya dubi wuƙar, ya dubi naman, sannan ya tsayar da idon a kan bakina. Zufa na gangaro mini, ban iya sharewa ba. Ya daɗe yana jira ya ga ko zan kai baki. Da ya ga ban kai ba ya lumshe.

Na iso gida la'asar ta kawo kai, damisar ta tashi zaune a kan reshe. Na kwance Kawu na miƙa masa tsokar. Ya kau da kai. Na danne shi, sai na ji muryarsa, siririya, karon farko a ranar.

"Mushe ne, Tunau."

Na ce, "Lalura ce, Kawu. Allah na gani. Haɗiye."

Mutumin da bai taɓa ƙin nama ba, sai da na tura masa da yatsa kamar ana ba jariri magani. Ya haɗiye yana hawaye. Damisar ta miƙa wuya ta shaƙi iska, ta sake shaƙa. Ta yi wannan tarin nata mai kama da ana yanka ice da zarto, ta sauko daga tsamiyar ta bi ta gabanmu, ta nufi kurmi ba waiwaye.

Iya Gwamma ta ce na fitar da shi daga bakin ƙarami na sa shi a bakin babba. Na ce babban ya ƙoshi, kafin ya ji yunwa mun fita. Ta dubi Kawu, sannan ta ce ɓauna ta fi gada nauyi, kamun da za ta yi wa mutum ma ya fi ƙarfi, mu tashi yanzu. Ta cusa mini dunƙulen dawa a burgami, ba ta yi mana sallama ba.

Muka shiga fako. Tsoro ya bar Kawu, tsagar idonsa ta rufe, har na fara murna. Da safe wani rabbi ya biyo mu, ya yi tafiya a gefenmu, ya shinshini ƙafar Kawu ya kauce, don wannan ya fi ƙarfin haƙorinsa. Amma zuwa hantsi na lura wuyan Kawu ya cika rigarsa har ta yage. Numfashinsa ya koma huci. Balbelu suka sauko suna bin sawunsa, ɗaya ta hau kafaɗarsa bai kore ta ba. Muka zo wani kududdufi ya faɗa cikin taɓo ya ƙi tashi, na yi ta ja ina roƙo ina kiran sa da kirarinsa na farauta, da ƙyar ya miƙe. Daga nan ya fara tafiya a duƙe, hannuwansa na taɓa ƙasa. Na shafa goshinsa na ji ya yi tauri kamar turmi, fatar ta rabu gida biyu. In na yi masa magana sai ya juyo da dukan jikinsa ya dube ni, ya daɗe kafin ya gane ni.

Taɓon nan ya cinye mana lokaci. Rana ta karkata muna dab da tsauni sai na ji ruri a bayanmu, ba da nisa ba. Ashe cikin zaki ba ya jiran lissafin mutum. Na ja Kawu da gudu har bakin tsagar, na karkace na shiga, na juyo na miƙa masa hannu. Ya sa kai, kafaɗunsa suka tokare dutse dama da hagu. Ya ja baya ya karkace ya sake gwadawa, fatarsa ta sale. Na fito na shafe shi da sauran taɓon jikinsa, na tura shi ta baya. Na sari dutsen da barho har bakinsa ya karye. Da na waiwaya sai ga zakanya ta fito daga ciyawa, wata na biye, ba sa sauri.

Kawu ya ɗago kai. Maganar ta fito daga can cikin ƙirjinsa, da ƙyar na tsince ta.

"Shiga, Tunau. Ƙofar nan ta mutum ce."

Na rungume wuyansa na ce ba inda za ni. Sai ya sa goshi ya ture ni cikin tsagar kamar ana tura kara, ya juya ya toshe bakinta da jikinsa, ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa.

Na rarrafa na hau wani ɗan dandamali a jikin dutsen inda nake iya hangen ƙasa. Zakokin sun yi masa rabin zobe. Yana tsaye da ƙafa huɗu, tsumman rigarsa na rataye a doronsa. Na ɗauki duwatsu ina jifa ina ihu, ko kallo ban ishe su ba. Babban namijin ya matso. Sai na ji dutsen da nake kai yana rawa. Ciyawa ta dare, garken nan na bakin kogi ya ɓullo, manyan bijimai a gaba, ƙura na tashi a bayansu. Ban san me ya kira su ba. Suka ratsa tsakanin zakokin kamar ambaliya, suka kewaye Kawu suka rufe shi. Zakokin suka ja baya suka zauna suna kallo.

Da ƙura ta lafa garken ya juya ya nufi kogi a hankali. Na zuba ido ina neman mai tsumma a doro, sai na ga tsumman a ƙasa, an tattake shi. Duk baƙaƙe ne, duk ƙahonsu ɗaya. Can wani ya tsaya ya ɗaga hanci ya dubi tsauni, ya daɗe yana dubawa. Na kira sunansa har muryata ta dushe. Amma haka ɓauna take yi in ta ji motsi, kowace ce. Ya juya ya bi sauran.

Na koma Gangaren Sarmai ni kaɗai. Na tara maharba na ba su labari tun daga kan kashin da Iya Gwamma ke farfasawa. Wasu suka ce rana ce ta taɓa mini kai. Wasu, tsofaffin da suka yi farauta da Kawu, daga baya suka rataye bakunansu suka hana 'ya'yansu shiga fadama. An yi shekaru kafin aka sake ganin sawun ɓauna a can, kaɗan-kaɗan, rurin zaki kuma ya koma nesa, ko da yake har yau akan yi asarar saniya. Allah ne masanin yadda kawuna ya ƙare, ni dai iyakar ganina ke nan.

Saura abu ɗaya. Ranar da na iso, da aka gan ni ba shi, kafin in sauke kaya an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, liman ya zo, mata sun fara kuka. Mahaifiyata ta fito ta zaunar da ni a gaban jama'a ta ce in faɗa mata komai. Na faɗa. Ta tambaye ni ko na ga jininsa, na ce ban gani ba. Ta tambaya ko akwai ciyawa a wurin, akwai ruwa, na ce akwai, har ba a iya ganin iyakarsu. Ta tambaya ko shi kaɗai ne, na ce a'a, cikin garke yake. Sai ta miƙe ta kama bakin tabarmar da liman ke kai ta fara naɗewa.

Ta ce, "Ku tashi, Allah ya ba da lada. Ba a yi mini mutuwa ba. Wana ya yi nisan kiwo ne."